A yi wa jiragen nutso na Jamus ruwan bam a gida, ko a tare su a teku?

Abdulhadi:
Assalamu alaikum malamai. A taron Kasabalanka na Janairun 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya da Amurka sun sa wuraren ƙera jiragen ruwa masu nutso na Jamus a sahun farko na abubuwan da za a yi wa ruwan bam. A ido dabarar ta yi daidai, a kashe maciji tun yana cikin ƙwai. To me ya sa masana da yawa ke cewa a teku aka ci yaƙin Atlantika, ba a tashoshi ba? Ina son bayani dalla-dalla don Allah.

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara raba abu biyu. Akwai inda ake ƙera jiragen, wato Hamburg, Bremen, Kiel da Wilhelmshaven. Akwai kuma inda suke fakewa a gaɓar Faransa: Lorient, Saint-Nazaire, Brest, La Pallice da Bordeaux.

A Faransa an makara. A 1941 Jamusawa suka shiga zuba rumfunan kankare, rufin ya kai kaurin mita 3.5, daga baya wasu suka haura mita 7. Lokacin da ya kamata a kai hari shi ne ana tsakiyar haƙa da zuba siminti, amma ba a matsa ba. Da aka zo farkon 1943, sai aka rusa garuruwan Lorient da Saint-Nazaire kusan baki ɗaya, fararen hula Faransawa suka rasa gidaje da rayuka, rumfunan kuwa suna nan daram. Bam ɗin wancan lokaci ba ya huda irin wannan rufi. Sai a Agustan 1944 bam ɗin Tallboy mai nauyin fam 12,000 ya huda na Brest.

A Jamus kuma matsalar saiti ce. Rahoton Butt na Agustan 1941, wani binciken Birtaniya kan hare-haren bam ɗinta, ya nuna cikin jiragen da suka ce sun kai hari da dare, ɗaya cikin uku ne kawai ya zo cikin mil 5 na inda aka aike shi. Gangar jikin jirgin nutso ƙarfe ne mai kauri, in ba bam ya faɗo masa kai tsaye ba, ɓarnar gyaran makonni ce.

Hajiya Rabi:
Malam ya yi bayani, amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne giɓin tsakiyar teku, inda jiragen sama daga Kanada, Iceland da Ireland ta Arewa ba sa kaiwa. A nan ake yi wa ayarin jiragen kaya taron dangi. Maganin yana hannu tun 1941: jirgin saman B-24 Liberator, ƙirar Amurka. A cire masa sulke da wasu bindigogi, a ƙara tankin mai a ɗakin bam, a ɗora bama-baman da ke fashewa cikin ruwa masu fam 250. Shi ke nan, zai kai tsakiyar teku ya yi sa'o'i yana shawagi a kan ayari.

Ba sai ya nutsar da kowa ba ma. Jirgin nutso samfurin VII yana gudun kusan not 17 (not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa) a saman ruwa, in ya nutse kuwa bai kai 8 ba, kuma batir ya ƙare nan da nan. Da ya hango jirgin sama dole ya nutse, ayari ya wuce ya bar shi. Ƙananan gyare-gyare ma sun yi aiki: an daina saita bam ya fashe a zurfin ƙafa 100 aka koma ƙafa 25, domin wanda za a iya samu shi ne wanda bai gama nutsewa ba. An kuma yi wa jiragen farin fenti don kada a hango su da wuri.

Duk da haka Arthur Harris, shugaban rundunar kai hare-haren bam ta Birtaniya, ya ƙi sakin manyan jirage, Amurka kuma ta tura nata Liberator da yawa Tekun Pasifik. Har rada mai zangon santimita 10 sai da aka yi jayayya a kanta, alhali na'urar Metox, wadda ke faɗakar da jiragen nutso na Jamusawa in rada ta hasko su, ba ta jin ta. Patrick Blackett, masanin kimiyya ɗan Birtaniya, ya kawo lissafin amfanin ba ayari rakiyar jiragen sama a fili, aka yi ta jan ƙafa. A Maris 1943 ayarin HX 229 da SC 122 suka rasa jiragen kaya fiye da 20. Da aka ƙara jiragen dogon zango, da ƙananan jiragen dakon jiragen sama, da rundunonin agaji, Jamus ta rasa jiragen nutso fiye da 40 a Mayu, Dönitz, shugaban rundunar ruwan Jamus, ya janye daga arewacin Atlantika ranar 24 ga watan. Kuma wanda aka nutsar a teku yana tafiya da ƙwararrun ma'aikatansa.

Abdulhadi:
Na gode Hajiya. Ke nan ruwan bam ɗin asara ce zalla?

Malam Isiyaku:
A'a, kada mu zarce. A 1942 da 1943 Hajiya ce da gaskiya. Amma duba samfurin XXI, mai manyan batura da gudu a ƙarƙashin ruwa. An tsara a ƙera shi gunduwa 8 a masana'antun cikin ƙasa, a kawo su a harhaɗa a Hamburg, Bremen da Danzig. Gunduwoyin sun yi wa jirgin ƙasa girma, sai ta magudanan ruwa. Daga Satumban 1944 aka yi ta fasa magudanar Dortmund-Ems, sannan ta Mittelland, ruwa ya tsiyaye, kaya suka maƙale. Nakiyoyin da aka zuba ta sama a Tekun Baltik kuma suka dagula wurin atisaye. Ba bam kaɗai ba ne, gunduwoyin kansu sukan zo ba su dace da juna ba, sai an sake aiki. An ƙaddamar da fiye da 100, amma ƙalilan ƙwarai suka fita fagen daga kafin Mayun 1945. Rumfar Valentin kusa da Bremen, da aka gina da ƙwadagon tilas don harhaɗa su, bam ɗin Grand Slam ya huda rufinta ranar 27 ga Maris 1945, ba ta fitar da ko jirgi ɗaya ba.