Jesin Love zan saya wa yaron nan ko ta Rodgers?

Baban Sadiq, Milwaukee

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni sanin ƙwallon Amurka. Ɗana Sadiq zai cika shekara 12 ranar Asabar ta sama. Bana kocinsu ya sa shi kwatabak, wato shi ake miƙa wa ƙwallo ya jefa, kuma tun daga ranar ba shi da zance sai Green Bay Packers, ƙungiyar jiharmu ta Wisconsin. Duk Juma'a yaran ajinsu da koriyar riga suke zuwa makaranta, shi kaɗai ke zuwa da suwaita. Na yi masa alkawarin jesi. Shi ta Aaron Rodgers, tsohon kwatabak ɗin Packers, yake so, mai lamba 12, wai daidai da shekarunsa, ga shi kullum yana kallon tsofaffin wasannin mutumin a waya. Ni kuma ina ganin Jordan Love ne ke riƙe da ƙungiyar yanzu, kada yaro ya je da rigar wanda ya tafi a yi masa dariya. Dala 120 na ware, ba zan wuce ba, kuma girman yara nake nema. Wacce ta kamata?

Malam Habu, Madison

Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ai haɗa Love da Rodgers zalunci ne. Tun 2003 nake jihar nan, da idona na ga Rodgers ya zauna benci shekara uku a bayan Brett Favre, daga 2005 har Favre ya tafi. Da ya karɓa a 2008 mutanen Wisconsin ba sa son ganinsa, don Favre ne ya kawo musu kofi a 1997. Amma Fabrairun 2011 ya doke Pittsburgh 31 da 25 ya ɗauko Super Bowl, babban kofin ƙwallon Amurka. A wurin aikinmu washegari wani dattijo Bature da bai taɓa amsa gaisuwata ba ya rungume ni, don kawai ya gan ni da hular Packers. Sau huɗu aka zaɓi Rodgers gwarzon ɗan wasan shekara: 2011, 2014, 2020 da 2021. Love me ya ɗauko? In jesi za ka saya, sayi ta manya mai ɗinkakkiyar lamba, dala 175 na sayi tawa, har yau tana nan.

Ɗan Zazzau, Chicago

Ka saya masa ta Bears, ƙungiyarmu ta Chicago, ya huta da cin cuku. Yaro ɗan Musulmi ya girma yana kallon magoya bayan Packers sun kifa hula mai siffar cuku a ka kamar masu tallan nono!

Malam Habu, Madison

Ɗan Zazzau, ai kai ba ka da bakin magana. A filinku na Soldier Field Rodgers ya tsaya a 2021 ya gaya wa 'yan kallonku cewa shi ne ubangidanku. Bazazzage dama ya saba da ubangida.

Aminu, Minneapolis

Malam Habu, da girmanka, amma ba ka yi wa Love adalci ba. Shi ma shekara uku ya yi a benci, daga 2020. Gwada shekarar farko da shekarar farko. A 2008 Rodgers wasa 6 ya ci, ya sha kashi 10, ba su je ko'ina ba. A 2023 Love ya ci 9, ya jefa ƙwallon maki 32, sau 11 kacal aka cafe masa, ya kai su zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ya je har gidan Dallas ya zuba musu 48 da 32. San Francisco ma da maki uku suka fitar da su. Kuma a Oktoban 2025 ai an yi ta ta ƙare: sun haɗu a Pittsburgh, Rodgers na sanye da rigar Steelers, ƙungiyar garin, Packers suka ci 35 da 25. A ranar Love shekararsa 26, Rodgers 41. Yaro ya bi mai tasowa.

Baban Ummi, Bronx

Ni dai ku ji abin da Rodgers ya jawo mini, sannan kowa ya yi abin da ya ga dama.

Tun 2010 nake binsa. Tasi nake ja, a rediyon mota na koyi wasan nan, ina jiran fasinja a filin jirgi. Da aka ce a Afrilun 2023 ya koma New York Jets, wallahi ji na yi kamar ɗan'uwana ne ya sauka daga Kano. Na ce ko da bashi sai na kai ɗana Usman wasan farko. Tikiti ya yi tsada, wani mutum a intanet ya sayar mini da biyu dala 640, can sama inda 'yan wasa suke kamar tururuwa. Shi ne kuma ya haɗa ni da mai jesi, lamba 8 guda biyu, dala 90, ya rantse na asali ne. Kuɗin nan na buhunan masara ne da zan aika wa Hajiyata. Na ce wa maman Ummi wata mai zuwa zan cike.

Daren Litinin, 11 ga Satumba, na ajiye mota, muka haye New Jersey, inda filin Jets yake. Aka kashe fitilu, Rodgers ya fito da gudu riƙe da tutar Amurka, filin kamar zai tsage. Usman ya riƙe hannuna har yana rawa. Ko gurasar da na saya masa bai gama kwancewa daga takarda ba, a ƙwallo na huɗu ɗan wasan Buffalo, abokan karawar Jets, ya kayar da Rodgers. Ya miƙe, ya sake zama a ƙasa. Agara ta tsinke. Shi ke nan, shekarar ta tafi. Jets sun ci wasan a ƙarin lokaci, mutane na ihu, yarona kuwa ya sa kai a cinyata yana kuka, yana tambayata ko zai dawo bayan hutun rabin lokaci.

Wankin farko lambar ta ɓare, ta manne da zanen gado. Na kira mai jesi, ya toshe ni. Maman Ummi ta ɗauko rigar ta shimfiɗa a kan tebur, ba ta ce uffan ba, kwana uku. Hajiya ta kira tana tambayar masara, na ce aiki ne ya yi sanyi. Ƙarya na yi wa mahaifiyata saboda mutumin da bai san ina duniya ba. Wannan ne yake cina har yau.

Hajiya Rabi, Columbus

Subhanallah. Allah ya mayar maka da alheri, Baban Ummi. Ka dai nemi gafarar Hajiya tun tana raye.

Aminu, Minneapolis

Allah ya kiyaye gaba. Amma Yaya, dala 640 an cuce ka. Ni na shiga Lambeau Field, filin Packers, a Disamba da dala 110.

Malam Habu, Madison

Dala 110 a Lambeau? Sai dai in wasan share fage na watan Agusta ne. Filin da mutum ke rubuta sunan jaririnsa a layin tikitin shekara don ya samu bayan ya yi furfura? Ni ban taɓa shiga ƙasa da 250 ba.

Aminu, Minneapolis

Ranar sanyi ne, Malam, masu tikiti suna neman kai da shi. Safa uku na sa, kwali na shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafata don kankare ya daskare, shayin da ke hannuna ya huce kafin in kai baki.

Sani Gwanjo, Kano

Ku kuna ta dala ɗari da hamsin. A Ƙofar Wambai na tsinci ta Favre mai lamba 4 a cikin dila, naira 4,000, ɗinkakkiya, ko zare bai fita ba. Baban Sadiq, turo adireshi in sa a kawo maka, ta koma garinsu.

Ɗan Zazzau, Chicago

Bakano ko a Lahira sai ya buɗe shago.

Malam Habu, Madison

Don Allah waɗanda ba su taɓa zama a filin ba su bar mu mu yi magana. Aminu 2019 ya zo ƙasar nan, ƙarshen Rodgers kawai ya tarar. Lissafin waya daban, gani da ido daban. Wanda bai ga jifan da ya yi a Detroit a 2015 ba, agogo ya ƙare, ƙwallo ta tashi sama kamar ba za ta sauko ba, me zai gaya mini?

Aminu, Minneapolis

To Malam, in shekaru ne hujja, kai ma ba ka ga Bart Starr, kwatabak ɗin Packers na can da, ba. Kuma ƙungiyar da kanta ta ba Love kwantiragin dala miliyan 220 na shekara huɗu a 2024. Su ma 2019 suka zo?

Sani Gwanjo, Kano

Ni da nake kallo bayan Magariba da datata, ni ma ba ni da ra'ayi ke nan? Da kuɗin data na wata uku ai na sayi tunkiya.

Baban Ummi, Bronx

Duk ku bar wannan. Favre ya bar su ya tafi Jets, daga nan ya koma wurin abokan gabarsu Minnesota. Rodgers ya tafi Jets, a 2025 ya koma Pittsburgh. Love ma zai tafi. Kada ka sa sunan kowa a bayan ɗanka. Tawa tana nan muna goge tagar mota da ita.

Baban Sadiq, Milwaukee

Na gode ƙwarai, kuma Baban Ummi labarinka ya taɓa ni. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini nawa ta yara take. Na leƙa wani kanti jiya, ta Love ce kawai a rataye, sun ce ta Rodgers ta Packers sai dai a nema a intanet, ni kuma bayan abin da na karanta a nan tsoro nake ji.

Hajiya Rabi, Columbus

Ta yara dala 50 na saya wa nawa, amma ban san ko irin wadda kake nufi ba ce. Ni abin da ke damuna daban ne, Baban Sadiq. Wasan Packers sau da yawa ƙarfe 12 na rana ake farawa a wurinku ranar Lahadi. Islamiyya fa? A nan tun da aka shiga Satumba ajin samari ya zama kango. Ina koyar da 'yan shekara 10 zuwa 13, yara 19 ne a rajista, Lahadin da ta wuce 7 suka zo. Ɗaya ya zo da waya a cikin jakar Alƙur'ani yana leƙen sakamako. Na kira ubansa, ya ce mini yana gaban talabijin, in bari sai an tashi.

Malam Habu, Madison

Hajiya, wannan laifin kwamitin masallaci ne. Shekara nawa muna roƙo a mayar da karatu Asabar da safe? Sai a ce malami yana aiki Asabar. To a ƙara masa albashi mana.

Hajiya Rabi, Columbus

Da wane kuɗi, Malam? Dala 30 a wata muke karɓa, rabin iyaye ba sa biya. Mai jesin 175 shi ne zai ce a yi masa haƙuri sai ƙarshen wata. Kuma Asabar ɗin ai ita ce ranar wasan yaran su kansu, kocin ya ce ƙarfe 8, uba zai tashi ƙarfe 6 ya kai shi. Mu in mun ce 10 sai 11 da rabi.

Baban Ummi, Bronx

Gaskiya Hajiya ta faɗa. Usman ya san sunan kowane kwatabak a ƙungiyoyi 32, amma in kakarsa ta kira daga gida, daga "lafiya lau" sai ya miƙo mini waya.

Aminu, Minneapolis

A masallacinmu 'yan Somaliya sun raba karatun gida biyu, safe da bayan La'asar, kowa ya zaɓa. Sai dai su suna da malamai huɗu. Hajiya, ku nawa ne a wurinku?

Hajiya Rabi, Columbus

Mu biyu ne, ɗayar kuma ta kusa haihuwa.