Kwanan watan rasit yana canzawa duk ranar da na buɗe fayil ɗin

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. A Excel nake yi wa abokan cinikina rasit, kuma =TODAY() na sa a gurbin kwanan wata don in huta da bugawa kullum. Jiya wani ya zo yana musun ranar da ya karɓi kaya. Na buɗe rasit ɗin da na yi masa wata biyu da suka wuce, sai ga kwanan watan jiya a kai, kamar lokacin na rubuta shi. Wa'adin biya ma, da na sa ya ƙara kwana 30, ya matsa gaba. Ni ke da gaskiya, amma takardata ta ƙaryata ni a gabansa. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Wata mai aikin akanta: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na shiga, har sau biyu. TODAY ba ta riƙe kwana, agogon kwamfuta take tambaya duk lokacin da aka buɗe fayil. Shi ya sa ko ba ka taɓa komai ba, in za ka rufe sai Excel ya tambaye ka ko za ka adana canji. NOW ma halinsu ɗaya. Ni dai na cire ta. Ina danna Ctrl tare da alamar ; (semicolon). Sai kwanan yau ya zauna, ba ya sake motsi. A Google Sheets ma haka nake yi.

Wani dattijo: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni na bar fomular a uwar takardar da nake kwafa. Kafin in adana sabon rasit sai in danna F2, sannan F9, sannan Enter a kan gurbin, fomular ta zama lamba. Inda matsalar take shi ne mantuwa. Ranar da mutane suka yi yawa na manta a rasit uku, ban gane ba sai ƙarshen wata.

Wani matashi: Baba, akwai fomular da ke duba kanta, in ta tarar da kwana a gurbin sai ta bar shi. Na gwada, ban ji daɗinta ba. Sai an kunna saitin Enable iterative calculation, kuma Excel saitin fayil ɗin da aka fara buɗewa yake bi. Na tura wa abokin aikina, gargaɗi kawai ya yi ta fito masa. Yanzu makro (ɗan umarnin da ake rubuta wa Excel ya aiwatar) nake amfani da shi, layi ɗaya: Range("F3").Value = Date, na ɗaura shi a maɓalli. Sai dai dole a adana fayil ɗin a .xlsm, in ba haka ba makron ya ɓace.

Mai aikin akanta: Kuma don Allah kowane rasit a fitar da shi PDF ranar da aka yi shi. Shi za ka ba mai saye, shi za ka nuna in gardama ta taso.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To tsofaffin fa? Sun kai ɗari.

Matashin: Yaya, kada ka adana ko ɗaya in ka buɗe, domin kwanan ranar da aka yi adanawar ƙarshe yana nan a ciki. Kwafi fayil ɗin, ka mayar da ƙarshen sunansa daga .xlsx zuwa .zip, ka shiga xl, sannan worksheets, ka buɗe sheet1.xml. Kusa da TODAY() za ka ga lamba, misali 45658. Excel daga 1 ga Janairu 1900 yake ƙirga kwanaki, don haka wannan 1 ga Janairu 2025 ke nan. Sa lambar a gurbi ka mayar da shi tsarin kwanan wata, za ta fito.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, na gwada a kan na mutumin jiya, ainihin ranar ta fito. Allah ya sa da na rufe ban adana ba. Guda huɗu ne na riga na adana a kansu, waɗannan sai in bi saƙonnin da na tura wa masu su in samo ranakun.