Ƙanƙara: tana taimakon masu kwashe mai ko tana ɓoye shi?

Laminu: Salamu alaikum. Jiya a hira bakin babbar kasuwa wani ya ce in ɗanyen mai ya malala a tekun Arktik, mai ƙanƙara a can ƙarshen arewacin duniya, ya fi sauƙin kwashewa bisa ga teku mai ɗumi. Ni dai na gamsu. Ƙanƙara tana tare shi, sanyi ya sa shi ya yi kauri kamar manja da hunturu. In ya taru wuri guda sai a cinna masa wuta.

Hajiya Rabi: Ɗana, wanda ya tsaya a sama kake magana. Wanda ya shige ƙarƙashi fa? Sabuwar ƙanƙara tana daskarewa ta rufe shi ciki, iska ta yi ta janta wata da watanni. Sai ta fara narkewa sannan man ya tsattsafo ta ƴan ƙofofinta, nesa da inda ya zuba. Wa zai bi sawunsa, a ƙasar da rana kan yi watanni ba ta fito ba?

Laminu: Amma Hajiya, masu bincike na Norway sun gwada ƙonawa cikin ƙanƙara a tekun Barents, arewa da ƙasarsu, a 2009, kuma ya ci.

Malam Isuhu: Ya ci, gaskiya ne. To amma su suka zuba man da hannunsu, ɗan kaɗan, jiragensu na tsaye a gefe. Dubi man da ya malala a tekun Meziko a 2010: ruwa mai ɗumi, tashoshi kusa, jirage dubbai, duk da haka lissafin gwamnatin Amurka ya nuna kashi 3 cikin ɗari aka kwashe da injuna, aka ƙone kashi 5. A Arktik ƙanƙara tana yaga shingen roba da ake tare man da shi, ta toshe bakin injin.

Hajiya Rabi: Kuma sanyin nan da kake yabo shi ke hana man ruɓewa. Na jirgin dakon mai Exxon Valdez ya zuba a Alaska tun 1989, bayan shekara 20 ana haƙa tsakuwar gaɓa ana tarar da shi. Abin yana ci mini rai, don mutanen can da kifi da naman teku suke rayuwa.

Malam Isuhu: Shi ya sa aka hana jirage baƙin mai mai nauyi a Arktik daga Yulin 2024, ko da yake an ɗaga wa wasu ƙafa har 2029.

Laminu: Na ji, Malam. Sai dai in ya riga ya zuba, har yanzu ban ga dabarar da ta fi wuta ba. Ku kawo ta.