Ina zan samo labarin kawanyar Boonesborough daga ɓangaren Shawnee?

Salamu alaikum, masana tarihi. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan kawanyar da mayaƙan Shawnee (wata ƙabilar 'yan asalin Amurka) ƙarƙashin shugabansu Blackfish suka yi wa sansanin Turawa na Boonesborough a Kentucky, Amurka, cikin Satumban 1778, amma na cije. Daniel Boone, ɗaya daga cikin jagororin sansanin, ya yi watanni a hannunsu, Blackfish ma ya mai da shi ɗansa, kafin ya gudo sansanin gabanin kawanyar. Da ruwan sama ya rufta ramin da Shawnee suke haƙawa daga bakin kogi zuwa sansanin suka janye, sai aka gurfanar da Boone bisa zargin cin amana, aka wanke shi, har da ƙarin girma! To duk abin da na samu bakin Turawa ne. Don Allah, wa zai nuna mini inda Shawnee suka faɗi nasu?