Gubar zaiba: shin maganin fitar da ita yana warkarwa?

Mai tambaya daga Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum. Ƙanena yana ƙona zaiba wajen tace zinariya, yanzu hannuwansa suna karkarwa. Shin maganin da aka bai wa yaran Zamfara a 2010 zai amfane shi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, Malam. Waccan gubar dalma ce, amma maganin, DMSA, yana kama zaiba ma ya fitar da ita ta fitsari. Sai dai binciken likitoci ya fi tabbatar da ƙaruwar fitarta fiye da warkewar jijiyoyin da suka riga suka lalace.

Wani dattijo: Ɗana, ƙanen naka ya bar hayaƙin zaibar nan tukuna, ka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kada ya sha wani magani sai likita ya duba ƙodarsa. Allah ya ba shi lafiya.