Ƙimar kuɗin da ake sanya wa kogin Matan Fada: tana ɗorewa kuwa?

Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina aikin kammala digiri a kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Idan yau masanin tattalin arziki ya ƙiyasta da naira darajar shaƙatawar da jama'a ke samu a bakin kogin Matan Fada, inda ake yin bikin, shin za a iya dogaro da alƙalumansa bayan shekara 10?

Malamin jami'a, Aliero:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tsohuwar hanya, wadda masanin tattalin arziki Harold Hotelling ya ba hukumar gandayen shaƙatawa ta Amurka shawararta a 1947, ita ce a lissafa abin da baƙo ya kashe kafin ya iso, wato kuɗin mota da masauki da kwanakin aikin da ya bari. Tana da ƙarfi domin ta dogara ne da abin da mutane suka aikata, amma a ƙasarmu ma'aunin kansa ba ya zama wuri ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aljihun mutane ya yi rauni, ga kuma fargabar hanya, saboda haka idan baƙi suka ragu kuma mai bincike bai ware waɗannan dalilai ba, sakamakonsa zai nuna kamar kogin ne ya rage daraja. Ka tuna kuma cewa bayan 2009 ba a sake yin bikin ba sai 2020, ga shi wannan hanya ba ta ganin komai in babu matafiya.

Ma'aikaciyar muhalli, Gusau:
Allah ya gafarta Malam, hanya ta biyu, wato tambayar mutane adadin kuɗin da za su yarda su biya saboda kogin, ta fi ba ni shakka, ko da yake kwamitin masana tattalin arziki na Amurka, wanda Kenneth Arrow da Robert Solow suka jagoranta, ya amince da ita bisa tsauraran sharuɗɗa a 1993. Amsar mutum tana bin abin da ya sani ne. Da an tambayi mutanen Anka da Bukkuyum darajar ƙasa mai tsabta kafin 2010, da ba su ambaci abin kirki ba, sai da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara aka gane nauyinta.

Malamin jami'a, Aliero:
Haka ne, Hajiya. Kai kuma ɗana, ka rubuta shekara da farashin mai a gefen kowane adadi, ka adana tambayoyinka yadda wani zai iya maimaita su daidai, sannan ka haɗa da zurfin ruwa da nauyin kifin da aka kama.