Shimfiɗar yara in za a kwana a daji da hunturu

Iyaye a Maraɗi sun tattauna kan abin da ya kamata a ɗauka wa yara in tafiya ta kama a kwana a fili, kamar masu zuwa wajen Dakoro ko dajin Gadabeji a watan Disamba da Janairu. Ga abin da aka fi tsayawa a kai.

Sanyi daga ƙasa yake shiga, in ji yawancinsu. Yashin da ya ɗau zafi da rana kan huce cikin dare, kafin asuba yaro ya takure yana rawar ɗari ko da bargo biyu a kansa. Don haka a fara shimfiɗa tamfol, a ɗora tabarma, sannan siririyar katifar soso mai naɗuwa. Wata uwa ta ce kwali ma yana yi in babu soso, kuma gaskiyarta.

An ɗan ja kan jakar barci mai zif da ake samu a gwanjo. Tana da ɗumi, ba ta cin wuri a mota, amma ta manya ta yi wa yaro yawa, iska na yawo a ciki. Sai a ɗaure ƙasanta da igiya daidai tsawonsa. Jariri kam ba a sa shi ciki.

Hula da safa sun fi ƙarin bargo sauƙin ɗauka. A tafi da zane na canji saboda mai fitsarin kwance, a kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama, kada kuma a shigar da garwashi cikin rufaffen tanti, iskarsa na kisa.